Zama Bakin Iyayenmu a Gaban Likita

Wa'azi domin Ranar Marasa Lafiya ta Duniya



A shekara ta 1992 ne Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe ranar 11 ga Fabrairu ta zama Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, aka kuwa fara kiyaye ta a shekara ta 1993. A wannan rana mun saba yin addu'a domin waɗanda suke kwance, da kuma likitoci da nas-nas da suke lura da su. Amma akwai mutum na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne mai jinya: ɗan nan ko 'yar nan da ke kwana a kan tabarma a gindin gadon asibiti, mai riƙe da kati, mai bin layi, mai gudun sayen magani, wanda likita yakan juya gare shi ya ce, "To, me ke damun Baba?" Yau da ku nake magana, ku da Allah ya ɗora wa jinyar iyayenku, gama amsar da za ku ba wannan tambaya tana iya zama sanadin rai ko sanadin mutuwa.

A sura ta fari ta Bisharar Markus mun ji yadda Ubangiji ya fito daga majami'a a Kafarnahum, ya shiga gidan Siman da Andarawus. Surukar Siman kuwa tana kwance da zazzaɓi. Mai bishara ya nuna mana cewa mutanen gidan ba su ɓata lokaci ba, nan da nan suka ba Yesu labarinta. Luka, wanda Manzo Bulus ya shaida mana likita ne, ya ƙara da cewa zazzaɓin mai zafi ne, kuma roƙonsa suka yi dominta. Ku lura, tsohuwar ba ta tashi ta kai kukanta ba, gama ba ta da ƙarfin tashi. Waɗansu ne suka zama bakinta. Da sun yi shiru saboda kunyar baƙo, ko sun ce bari a gama cin abinci tukuna, da ta ci gaba da kwanciya a ƙuryar ɗaki alhali Mai Warkarwa yana zaune a cikin gidan. Wannan aikin ne ya faɗo a kanmu sa'ad da iyayenmu suka tsufa, kunne ya yi nauyi, ido ya dushe, tunani ya fara gajiya.

Doka ta huɗu da ƙofar asibiti

Tun muna ajin katekisim aka koya mana doka ta huɗu, wadda ta umarce mu mu girmama uba da uwa. Da yawa muna zaton wannan doka ta ƙare a durƙusawa da gaisuwa da aika buhun masara lokacin Kirsimati. Littafin Sirak, a sura ta uku, ya kai ta nesa da haka. Ya gargaɗi ɗa ya tallafi mahaifinsa a kwanakin tsufa, ya yi haƙuri da shi ko da hankalinsa ya ragu, kada ya raina shi don shi yana kan ƙarfinsa. Ubangijinmu kuma, a Markus sura ta bakwai, ya tsauta wa waɗanda suke hana iyayensu taimako da hujjar cewa dukiyar an riga an keɓe wa Allah. Saboda haka wanda ya ba da babbar kyauta ranar godiyar kaka, amma ya bar mahaifiyarsa ta zauna ita kaɗai a gaban likita ba ta jin abin da ake faɗa mata, bai cika dokar ba tukuna.

Akwai kuma waɗanda suke ganin zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Sukan ɗauki tsoho daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, har a ce masa ya zubar da maganinsa. Ikilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba. Sirak sura ta 38 ta ce a girmama likita, gama Allah ne ya ba shi sani, Allah ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. Surar ta jera abin da mara lafiya zai yi: ya yi addu'a, ya tsarkake zuciyarsa, sa'an nan ya ba likita wurinsa. Addu'a da magani hannuwa biyu ne na jinƙai guda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Al'adarmu ce idan aka ce, "Yaya jiki?" a amsa, "Da sauƙi," ko da mutum bai runtsa ba daren jiya. Amsa ce mai kyau ga mai zuwa dubiya, tana nuna haƙuri da dogara ga Allah. Amma a ɗakin likita wannan amsa tana iya ɓatar da shi. Idan likita ya ji "da sauƙi", zai ɗauka maganin da ya bayar ya yi aiki, ya rubuta a ci gaba da shi, alhali ƙafafun Baba sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai an tokare shi da matashi uku.

Ku duba Markus sura ta tara, inda wani uba ya kawo ɗansa. Yesu, wanda ya san kome, ya tambayi uban tun yaushe abin yake samun yaron. Uban kuwa bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi lokacin da ciwon ya fara, da yadda yake kama yaron, da haɗarin wuta da na ruwa da yake jefa shi. Irin wannan bayani likita yake nema gare ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita zai ga tsohonku na 'yan mintoci, ku kuwa kuna tare da shi dare da rana.

Don haka kafin ku tafi, ku zauna ku rubuta a ƙaramin littafi, ko ku sa wani yaro ɗan makaranta ya rubuta muku: yaushe ciwon ya fara, a ina yake, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. Yana cin abinci? Yana barci? Ya rame? Ya taɓa faɗuwa? Yaya fitsari da bayan gida? Na san a nan kunya take shigowa, gama da wuya ɗa ya buɗe baki a kan fitsarin mahaifinsa. Amma dattawa maza da yawa suna fama da toshewar fitsari a ɓoye har ƙoda ta lalace, iyaye mata kuma sukan ɓoye ƙullutu a nono ko zubar jini bayan haila ta ɗauke, har lokaci ya ƙure. Idan ɗa namiji ba zai iya faɗa ba, 'yar'uwarsa ta raka Mama. Idan 'ya ba za ta iya ba, ƙanen Baba ya shiga da shi. Kunyar da za ta kai tsoho kabari ba tarbiyya ba ce.

Ku zo da ledar magunguna duka

Tsofaffinmu da yawa suna shan magani daga wurare uku ko huɗu a lokaci guda: na asibiti, na kemis, na mai talla a kasuwa, da jiƙon da wata 'yar'uwa ta aiko daga ƙauye. Idan likita ya tambaya, sai mu ambaci na asibiti kaɗai, don tsoron faɗa. 'Yan'uwa, faɗan likita na minti biyu ya fi ciwon ƙoda sauƙi. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffi suke sha kullum saboda gwiwa da baya, suna iya jawo gyambon ciki, su lahanta ƙoda, su kuma tayar da hawan jini. Waɗansu saiwoyi da sassaƙe sukan yi karo da maganin asibiti. Ku tattara kome a leda guda, da kwalayensu, har da kwalbar jiƙon, ku ajiye a gaban likita. Ku riƙe takardun gwaji da hotunan da aka taɓa yi a jaka ɗaya, kada a sa ku biyan kuɗin abin da aka riga aka yi.

Ku faɗi gaskiya kuma idan an daina shan magani. Hawan jini da ciwon sukari ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Ana riƙe su ne da magani na dogon lokaci, sau da yawa har iyakar rai. Hawan jini yakan zauna a jiki ba ciwon kai ba jiri, sai awo ne yake nuna shi, likitoci kuwa sukan ɗauki awon da ya kai 140 bisa 90, idan ya maimaitu, a matsayin ya hau. Tsohon da ya ajiye ƙwayarsa don ya ji garau yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan rashin kuɗi ne ya sa aka daina, ku gaya wa likita haka. Ku ce, "Likita, ga iyakar ƙarfinmu. Wane gwaji ne ba zai jira ba? Akwai irin wannan magani mai rahusa?" Talauci ba zunubi ba ne, likita kuwa ba zai iya rage muku nauyin da bai san kuna ɗauke da shi ba.

Matambayi ba ya ɓata

Sau da yawa mukan fito daga ɗakin likita da takarda a hannu, ba mu fahimci ko kalma ɗaya ba, don muna jin tambaya raini ce ga mai ilimi. Ku sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya a Nijeriya ya sanar da mara lafiya halin da jikinsa yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, ya kuma yi bayanin, in da hali, da harshen da mutumin yake ji. Idan ana ta Turanci ba ku gane ba, ku roƙa a faɗa da Hausa, ko a kira wata nas ta fassara.

Kada ku fita sai kun san abu huɗu: sunan ciwon, aikin kowane magani da yadda za a sha shi, alamun da za su sa ku dawo da gaggawa, da ranar da za ku sake zuwa. Sa'an nan ku maimaita wa likita abin da kuka ji: "Ranka ya daɗe, wato farar ƙwayar da safe bayan abinci, ƙaramar kuma da dare, haka ne?" Idan kun yi kuskure, a nan za a gyara, ba a gida ba. Idan an kwantar da tsohonku, ku tambayi nas lokacin da manyan likitoci suke zagaye, ku kasance a gindin gadon a wannan sa'a da tambayoyinku a hannu.

Amma ku yi tambaya da ladabi. Likitan nan wataƙila ya kwana a tsaye, ga layi har bakin ƙofa, abokan aikinsa da yawa sun bar ƙasar. Gaisuwa da godiya suna buɗe ƙofar da tsawa take rufewa. Mai bi da ya zagi nas a gaban jama'a ya ɓata shaidarsa, bai kuwa ƙara wa mahaifiyarsa lafiya ba. Idan an yi muku ba daidai ba, ku kai kuka ga shugabar nas-nas ko hukumar asibitin cikin natsuwa. Idan kuma zuciyarku ba ta kwanta ba, neman ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne, ya fi a sa hannu a ɗauke mara lafiya cikin fushi a kai shi inda ba kowa.

Tsoho ba yaro ba ne

Ga wani kuskure da masu ƙauna suke yi. Ɗa ya zauna a kujera, shi da likita su yi ta magana a kan Baba kamar ba ya ɗakin. Ubangijinmu bai yi haka ba. Da aka kawo masa makaho Bartimawus a hanyar Yariko, shi kansa ya tambaya abin da yake so. Muddin hankalin mahaifinka yana nan, jikin nasa ne, shawarar ma tasa ce. Ka bar shi ya fara magana, kai ka cike abin da ya manta. Kada ka ƙaryata shi da gatsali a gaban baƙo, ka ce, "Baba, ka tuna ranar Talata ma ka yi jiri." Idan ya nuna yana so ya gana da likita shi kaɗai, ka fita ba tare da ɓacin rai ba.

Ka kuma rufa masa asiri. Dokar nan ta 2014 ta ɗauki bayanin ciwon mutum a matsayin sirri, shi ya sa likita yana iya neman yardar mara lafiya kafin ya gaya maka kome. Abin da aka gaya maka amana ce. Ku tuna da Shem da Yafet, 'ya'yan Nuhu, waɗanda suka shiga da baya suka lulluɓe mahaifinsu, suka sami albarka. Ba kowane mai dubiya ne zai ji sunan ciwon ba, ba kuma kowane roƙon addu'a ne yake bukatar a tona cikin tsohuwa a gaban taro ba.

A cikin iyali kuma, a zaɓi mutum ɗaya ya zama bakin gida. Sau da yawa 'yar da take wanke Mama tana juya ta a gado ita ce ta fi kowa sanin halin da ake ciki, amma sai wani ɗan'uwa ya bugo waya daga Legas ko Abuja ya rushe abin da aka shirya, don shi ne yake aiko kuɗi. Mai kuɗi ya saurari mai jinya, mai jinya kuma ta riƙa sanar da kowa abin da likita ya ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a karɓe ta ta huta, kada jinya ta kwantar da mutum biyu.

Abin da ba ya jiran gobe

Idan bakin tsoho ya karkace farat ɗaya, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe, ku kai shi asibiti a wannan sa'a, ku kuma riƙe lokacin da abin ya fara, gama likita zai tambaya. Kada ku ɗura masa ruwa ko magani, yana iya shaƙewa. Haka kuma ciwon ƙirji mai tsanani, da sarƙewar numfashi, da rashin fitsari yini guda. Mai shan maganin sukari idan ya kama gumi da rawar jiki yana sambatu, wataƙila sukarin ne ya faɗi ƙasa.

Ina roƙonku ku ji wannan da kyau. Tsohuwar da ta fara mantuwa, tana fita da dare, tana kiran sunayen matattu, tana faɗin abin da bai faru ba, ba mayya ba ce. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa sau da yawa alama ce ta wani ciwo da ake iya magancewa, kamar ciwon mafitsara ko na huhu ko ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya ɗora wa mahaifiyarsa maita maimakon ya kai ta a duba ta ya karya doka ta huɗu, ya karya ta takwas wadda ta hana shaidar zur.

Sa'ad da labari ya yi nauyi

Wata rana likita zai kira ka gefe ya ce ciwon ya wuce warkewa. A nan da yawa mukan roƙe shi kada ya gaya wa Baba. Niyyar ta tausayi ce, amma ku yi tunani. Mutumin da ya shekara saba'in yana bin Ubangiji yana da gafarar da zai nema, da wadda zai bayar, da wasiyyar gona da gida, da albarkar da zai sa wa jikoki. Idan muka kewaye shi da ƙarya, mun ƙwace masa wannan duka. Ku tambaye shi a hankali ko yana so ya ji abin da likita ya gani, ku bi gwargwadon abin da zai iya ɗauka.

Ku tambayi likita a fili: wannan aikin ko wannan na'ura, warkarwa za ta yi, ko tsawaita wahala kaɗai? Katekisim na Ikilisiyar Katolika na shekarar 1992, da wasiƙar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a kan darajar rai ta shekarar 1995, sun koyar cewa haramun ne a gajarta ran mara lafiya da gangan, ko da da sunan tausayi. Sun kuma koyar cewa ba dole ba ne a nace wa magani mai tsananin nauyi wanda ba zai kawo amfanin da ya kai wahalarsa ba. Barin irin wannan ba kisa ba ne, yarda ce cewa rai na Allah ne. Amma kulawa ta kullum ba ta tsayawa: tsabta, da juya shi a gado don kada baya ya yi gyambo, da ci da sha gwargwadon yadda jiki zai karɓa, da maganin rage zafi. Ku roƙi wannan magani ba tare da tsoro ba, Ikilisiya ta halatta shi.

Kamar yadda kuke magana da likitan jiki, ku yi magana da Fada da wuri. Waɗansu suna tsoron kiransa, wai zuwansa alamar mutuwa ce. Babban Taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana cewa shafewa da mai ba ta masu shure-shuren mutuwa kaɗai ba ce. Duk mai bi da ciwo ko tsufa ya fara sa shi cikin haɗari yana iya karɓa, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta koyar a sura ta biyar. Ku kira Fada tun tsohon yana iya furta zunubansa ya karɓi Jikin Kristi da saninsa. Ku sani kuma dokar azumi ba ta hau kan mara lafiya ba, tana kuma sauka daga kan mutum da ya cika shekara 59. Ruwa da magani ba sa karya azumin sa'a ɗaya kafin karɓar Jikin Kristi, tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu ma an ɗauke musu shi. Kada wani ya bar ƙwayarsa da sunan ibada.

Ku Zumuntar Mata, da matasa, da katikis-katikis, da 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya, ku duba cikin unguwanninku. Akwai tsofaffin da ba su da ɗa kusa, akwai waɗanda ba sa jin Hausa sosai balle Turanci. Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan suka buɗe rufin ɗaki suka saukar da shi gaban Yesu, Ubangiji kuwa ya dubi bangaskiyarsu. Bari kowace ƙungiya ta sa wanda zai raka irin waɗannan zuwa asibiti.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, Mai ba da rai, ka ba masu jinya ƙarfi da haƙuri da bakin faɗin gaskiya. Ka ba likitoci da nas-nas hikima da kunnen sauraro. Ka ta'azantar da iyayenmu cikin kwanakin tsufansu, ka sa kada ko ɗaya ya rasa mai yin magana dominsa. Budurwa Maryamu, wadda Ɗanki ya danƙa ki a hannun Yohanna daga kan gicciye, ki yi roƙo dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko a kanku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.